Kundin Luka a Sentul

Ɗakin da Ɗanjuma ya sauke ni a Bukit Jalil, wata unguwa a Kuala Lumpur, ba ɗaki ba ne, falo ne aka raba da katako, a hawa na goma sha tara. Idan na miƙe a kan katifa ƙafata takan taɓa katakon, wadda ke kwance a ɗaya gefen ta ji. Babu taga, sai wata fanka mai ƙara. Ya ajiye mini akwatina ya ce, "Anti Rifkatu, na ɗan lokaci ne, kafin makaranta ta ba ki masauki." Tun daga ranar ban sake ganinsa ido da ido ba.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da Helenanci, harshen da aka fara rubuta Sabon Alkawari da shi, a wata ƙaramar makarantar Littafi Mai Tsarki a kudancin Kaduna. Da aka ce duk malamin da ba shi da digiri na biyu zai bar aji, sai hankalina ya tashi. Ɗanjuma ɗan wata mata ne da muke zumuntar mata tare a coci, kuma ya daɗe a Malesiya. Shi ya ce akwai kwaleji a Kuala Lumpur da ake koyar da ilimin tauhidi da Helenanci, shi ya yi mana takardu, mu kuma muka biya shi ba mu tambayi komai ba. Mijina Istifanus, malamin firamare, ya ce in tafi, zai riƙe 'yarmu Alheri. Shekararta tara a lokacin.

Ranar Litinin na nemi kwalejin. Na same ta a saman wani shagon sayar da tayoyi, ɗakuna huɗu da matakala mai warin man inji. Na miƙa wa matar da ke kan tebur takardata, na tambaye ta ina sashen Helenanci. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Abincin Girka kike nufi? Ba ma koyar da shi. Na Sin da na Turai kawai."

Ashe makarantar koyon aikin otal ce, kuma bizata a kanta aka ɗaure ta. Na kira Ɗanjuma ina tsaye a matakala. Ya ce, "Anti, kowa haka yake farawa. Ke dai kin shigo ƙasa, shi ne babba." Bayan kwana uku lambarsa ta daina shiga.

Wata huɗu ina zuwa wannan wuri, domin duk wanda ya daina zuwa aji za a soke masa biza. Ina da shekara arba'in da ɗaya, na zauna cikin yara sa'o'in ƙannena ina koyon yadda ake naɗe tsumman tebur ya yi kamar fure, da yadda ake gyara gado ba tare da zanin ya tattare ba. Ban gaya wa kowa a gida ba. Idan Baban Alheri ya tambaye ni karatu, sai in ce da wuya amma ana yi. Ban yi ƙarya a kalma ba, amma na san abin da nake yi.

'Yan matan da muke gida ɗaya 'yan kudu ne, ba su da mugunta, sai dai duniyarsu daban. Mama Aboki suke kirana. Na bi su cocinsu sau biyu. Bayan sujada wata ta riƙe hannuna tana dariya, ta tambaye ni da turancin buroka yadda aka yi Bahaushiya ta zama Kirista. Na fara yi mata bayani cewa tun kakana muke cikin bi, wato addinin Kirista, kafin in kai ƙarshe ta juya tana gaisawa da wani. Ban koma ba. Ranar Lahadi sai in zauna a kan katifa in rera waƙoƙinmu na Hausa ƙasa-ƙasa, in karanta sura ɗaya, in sauka wurin mamak, wato shagon abinci na Indiyawa Musulmi da ke ƙasan gininmu, in sha shayi da roti, wata irin gurasarsu, ni kaɗai. Kusan kullum da la'asar ruwa yake sauka kamar da bakin ƙwarya. Akwai makon da na lissafa na ga ban yi magana da kowa da baki ba fiye da gaisuwa.

Wata Asabar na hau jirgin cikin gari na sauka a tashar Masjid Jamek, na shiga layin masu yadi na Masjid India. Ba sayayya na je ba, kasuwa nake marmarin gani. Na ɗaga wani yadi ja ina murzawa, sai na ji na ce a fili, "Wannan ai zuba zai yi."

"Zuba kuwa, wanki ɗaya," in ji wata murya a bayana.

Na juya. Mace ce doguwa cikin hijabi ruwan toka, riƙe da leda biyu. Muka tsaya muna kallon juna, sai kuma gaisuwa ta ɓarke kamar mun shekara da sanin juna. Sunanta Hajiya Rabi, 'yar Gusau, tana digiri na uku a fannin haɗa magunguna. Da na faɗi sunana ta maimaita shi.

"Rifkatu. Kirista ce ke nan."

"E, Hajiya."

"To, Kirista ba ta cin tuwo? Mu je, ina da kuka da daddawa, daga gida aka kawo mini."

A gidanta, loma ta uku na kai baki sai kuka ya ƙwace mini. Ba ta ce in yi shiru ba. Ta bar ni har na gama, ta ƙara mini miya, sannan na zayyana mata komai, har da furen tsumma. Sai ta ce a ɗakin gwajinsu akwai wata Ba'indiya Kirista da kullum take ƙorafin kawunta, wani tsoho da ya ƙi hutawa, yana nan yana fama da wani tsohon littafi na Girkawa alhali idonsa ya kusa tafiya.

"Ban san ko irin naku ba ne," in ji ta, "amma zan karɓo miki lambarsu."

Haka na isa Sentul. Unguwa ce da a dā ma'aikatan gyaran jirgin ƙasa suka cika, yanzu dogayen gine-gine sun yi wa tsofaffin gidajen rumfa. Dokta Samuel, tsohon da Hajiya ta ba ni labari, yana hawa na huɗu a wani tsohon gini mara lif, shi da ƙanwarsa Anti Meri, wadda ba ta taɓa aure ba. Ɗan siriri ne, baƙi kamar mutanen garinmu, shekarunsa sun kusa tamanin. Mahaifinsa maƙerin jirgi ne. Shi kuwa ya yi rayuwarsa yana koyar da Helenanci a wata ƙaramar makarantar horar da fastoci, kuma ko da ya yi ritaya ba su daina ba shi ɗalibi ɗaya ko biyu ba.

Bai tambayi takarduna ba. Ya laluba cikin wani kwali ya miƙo mini hoton shafi ɗaya.

"Karanta."

Na duba. Ni Helenancin ɗab'i na sani, baƙaƙe a ware, kowane a tsaye. Wannan kuwa rubutun hannu ne, baƙaƙen sun sarƙe da juna, wasu sun hau kan wasu, wasu kalmomin an taƙaita su da ɗan layi a sama. Shekara goma sha ɗaya ina tsayawa gaban aji, ga shi na kasa fitar da kalma ɗaya. Na ce, "Dokta, ban iya ba."

"Madalla. Waɗanda suka zo kafin ke cewa suka yi sun iya. Duba layi na uku, akwai wani abu kamar maciji ya lanƙwashe. Sau nawa kika gan shi a shafin?"

Na ƙirga na ce tara. Ya ce to wace kalma ce za ta zo sau tara a shafi ɗaya? Na ce sai dai "kai", wadda a Helenanci take nufin "da". Na gaya masa a harshenmu ma akwai kalmar, abin da muke cewa ne idan abu ya ba mu mamaki. Ya yi dariya har da tari. Anti Meri ta leƙo daga kicin ta ce, "Makan tukuna," wato a ci abinci. Da wannan na shiga gidan.

Dokta ne ya yi ta zirga-zirga da sandarsa har aka mai da ni makarantarsu. An ɗauki watanni fasfo ɗina yana hannun hukuma, ina yawo da wata takarda a jaka ina tsoron duk mai kaki, amma daga ƙarshe ya fito.

Kundin da yake aiki a kai Bisharu huɗu ne, Matiyu da Markus da Luka da Yohanna, wani da ba a san sunansa ba ya kwafa da hannu a kan fata kimanin shekara ɗari takwas da suka wuce. Yana ajiye a wani laburare a Turai. Dokta ya taɓa riƙe shi sau ɗaya yana saurayi, sauran rayuwarsa kuwa da hotuna ya yi aiki. Aikin shi ne a bi kundin kalma bayan kalma ana gwada shi da bugaggen Helenanci, duk inda suka saɓa a rubuta. Ya gama Matiyu da Markus da Luka a cikin manyan littattafan rajista masu baƙin bango. Saura Yohanna, ido kuma ya ƙi. Don haka ni zan riƙa karanta masa hoton da ƙarfi, shi yana bin bugaggen daga ƙwaƙwalwarsa, domin ya haddace shi. Abin da muka samu a Yohanna shi zai zama kundin digirina.

Kullum da safe sai in hau jirgi daga Bukit Jalil, layi ɗaya ne har Sentul. In hau matakala, in tarar ya zauna kusa da taga da farar singileti. Yawancin saɓanin ƙanana ne. A zamanin mai kwafin wasulla da yawa sun koma sauti ɗaya, sai ya rubuta wannan a madadin wancan. Har "mu" da "ku" a bakinsu ɗaya suke fita, don haka akwai inda aka ce "ku" shi ya rubuta "mu". Wani wurin layi biyu sun ƙare da kalma ɗaya, idonsa ya yi tsalle daga na farko zuwa na biyu, ya bar abin da ke tsakani. Idan na karanta irin wannan, Dokta yakan ɗaga yatsa ya ce, "Tsaya. Maimaita." In maimaita, ya yi murmushi, in rubuta.

A hankali na san mai kwafin nan. Na san inda ya fiƙe alƙalami, domin rubutun yakan yi siriri kwatsam. Na san inda ya gaji, layin yakan fara gangarawa. Akwai shafin da fatar take da huda, ya bi ya zagaye ta da kalmarsa ya ci gaba. Wata rana a jirgi na kama kaina ina ce masa a zuci, "Yau ka yi ƙoƙari, kuskure ɗaya tak." Ba abin dariya ba ne. A duk garin nan, in ka cire tsofaffin nan biyu da Hajiya da nake gani sau ɗaya a wata, shi ne wanda na fi sani.

Gida kuwa yana ta nisa. Mun riga su da awa bakwai, don haka lokacin da Alheri ta taso daga makaranta ni na gaji, lokacin da nake da ƙarfi ita tana barci. Da farko takan ba ni labarin kowa a ajinsu. Daga baya sai "Lafiya lau, Mama," da "Ga Baba." Ranar Kirsimetina ta farko a can sun kira ni da bidiyo, na ga an yi mata kitso irin wanda ban taɓa yi mata ba. Na ce wa ya yi miki? Ta ce maƙwabciyarmu, ta ƙara da cewa hannunta ba ya zafi kamar nawa. Na yi dariya. Da aka kashe wayar na zauna ina kallon katako har shinkafar da na yi tapau, wato na ƙunso daga shago, ta huce a leda.

Muna dab da gama Yohanna, makaranta ta ce tana so a buga aikin Dokta gaba ɗaya tun yana raye, sai aka ba ni rajistocinsa in shigar a kwamfuta. Matiyu da Markus tsaf suke, rubutu kamar na inji. Nakan ɗauki shafi in gwada da hoto don in koyi yadda yake aiki, ban taɓa kama shi da kuskure ba. Luka ma haka ya fara. Amma daga wajen sura ta goma sha shida sai rubutun ya fara girma, abin da yake samu kuma ya fara raguwa. Shafin da ya kamata a sami saɓani biyar ko shida, sai in ga ɗaya, ko babu. Na ce ko mai kwafin ne ya natsu. Na buɗe hotunan na bi da kaina. Mai kwafin yana nan yadda na san shi. Dokta ne bai gani ba.

Da na kai sura ta ashirin da biyu sai na ajiye alƙalami. Wurin da Yesu yake addu'a a kan dutse kafin a kama shi, akwai ayoyi biyu da suke cewa mala'ika ya zo ya ƙarfafa shi, zufarsa kuma tana ɗiga kamar jini. A kundin nan babu su. Mai kwafin ya wuce kai tsaye daga addu'ar zuwa inda ya tashi ya tarar da almajiransa suna barci. Sai a gefen shafin, da wata tawada da ta koɗe, wani hannu dabam ya zo daga baya ya rubuta su ƙanana-ƙanana. Na san a littafi cewa akwai tsofaffin kundaye da ba su da ayoyin nan, na ma taɓa faɗa wa ɗalibaina. Amma ban taɓa ganin gurbin da idona ba. Wannan shi ne abu mafi girma a duk kundin, kuma a rajistar Dokta, a gaban wannan shafi, ya rubuta cewa babu saɓani.

Mako biyu na yi da abin a cikina. A ƙarshensu bizata saura wata ɗaya ta ƙare, kuma sai da sa hannunsa za a sabunta. Na san halinsa, mutum ne mai kirki amma ba ya son a taɓa aikinsa. Na yi tunanin in gyara a kwamfuta in yi shiru, ba zai taɓa gani ba. Amma gyaran ba na shafi ɗaya ba ne, surori tara ne, aikin watanni, kuma ni ban kai in yi shi ni kaɗai ba. Na yi tunanin in shigar yadda ya rubuta, ai ba sunana ne a kai ba. Na je wurin Hajiya na faɗa mata.

Tana yanka albasa ta ce, "In kika rufe, wani zai buɗe bayan ya mutu, lokacin ba shi da bakin da zai kare kansa. Wanne ya fi?"

"Hajiya, in ya kore ni fa?"

"Sai ki dawo nan mu yi kuka tare. Amma ki gaya masa."

Na gaya masa ranar Talata da safe, kafin mu fara. Na zaɓi kalmomi tun a jirgi, da na buɗe baki duk suka watse. Na ce, "Dokta, akwai matsala a Luka. Ayoyin mala'ikan nan ba sa cikin kundin."

"Suna ciki."

"A gefe suke, da wani hannu."

"Rifkatu, tun ba a haife ki ba nake karanta hannun mutumin nan." Sai ya ɗaga kai ya karanto ayoyin da Helenanci, tiryan-tiryan, yatsansa yana bin iska kamar yana bin layi. "Ga su nan, a tsakiyar shafi. Ina ganinsu."

Na buɗe hoton a kwamfuta na ƙara masa girma har kalma ɗaya ta cika fuskar, na juya masa. Ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya daɗe a haka. Na ga idonsa yana yawo, bai tsaya a kan komai ba. Da ma a nan na tsaya, amma tsoro ya sa na ƙarasa, na ce ba nan kaɗai ba ne, tun daga sura ta goma sha shida ne.

Ya koma ya jingina. Ya ce, a hankali, "Na ɗauko ki daga gyaran gado." Bai ƙarasa ba. Can ya ce, "Tafi gida."

Anti Meri tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Ba ta ce makan ba ranar.

Mako uku ba a kira ni ba. Takardar biza tana cikin jakata, gurbin sa hannun fari fat. Ba ni da inda zan je da safe, sai in hau jirgin duk da haka, in wuce Sentul ban sauka ba, in kai ƙarshen layi in dawo. Na daina buɗe hotunan. Har haushin mai kwafin na ji, kamar shi ya ja mini.

A cikin makonnin nan ne na kira Baban Alheri ranar wata Asabar, ya fito daga gona ke nan. Na ce ya zauna, akwai maganar da na ɓoye masa fiye da shekara. Na faɗa masa komai, tun daga shagon tayoyi har zuwa ranar Talatar nan. Na ce mai yiwuwa in dawo hannu wofi.

Ina jin kukan kaji a bayansa. Sai ya ce, "Maman Alheri, zancen otal ɗin na sani."

"Ka sani?"

"Uwar Ɗanjuma ta zo nan tun watanki na biyu. Ta durƙusa a tsakar gida tana kuka, ta ce ba ke kaɗai ya yi wa ba."

"Me ya sa ba ka ce komai ba?"

"Na ga kina ƙoƙarin tsayawa da ƙafarki. Na ce in na yi magana zan karya ki. Kullum ina jira ki faɗa." Ya ja numfashi. "In an kore ki, ki dawo, gidanki ne. Amma abin da kika gaya wa tsohon nan, daidai kika yi."

Ban san irin nauyin da nake ɗauke da shi ba sai da na sauke.

Saura kwana shida bizar ta mutu, Anti Meri ta kira. Kalma uku ta faɗa: in zo gobe. Na tarar da shi a kujerarsa, ya rame, rajistar Luka a kan cinyarsa. Ashe ya sa an kira wani tsohon ɗalibinsa, fasto a wani gari, ya zo ya karanta masa shafin da wasu guda goma.

"Zauna," in ji shi. "Kin san abin da na yi? Ba karatu nake ba. Ido ya daina kawo mini komai, sai ƙwaƙwalwa ta riƙa ba ni abin da na haddace, ni kuma ina cewa na gani. Shekara nawa ina koya wa yara cewa haka masu kwafi suke kuskure." Ya shafa bangon rajistar. "Maganar gadon nan da na yi miki, ba ta dace ba. Ki yafe mini. Ina takardar?"

Na ɗora masa yatsa a kan layin, ya sa hannu. Sannan ya ce ba zai ɓoye mini ba, sake Luka zai ci wata biyar ko fi, kuma ba ya cikin digirina. In na ga dama in miƙa Yohanna in tafi gida, babu wanda zai zarge ni.

Na riga na yi wa Alheri alkawarin zan dawo kafin jarrabawarta ta gama firamare. Na nemi ya ba ni kwana biyu. Da na gaya mata a waya ba ta yi kuka ba, ta dai ce, "To," ta miƙa wa babanta. Wannan "to" ɗin har yau ban gama biyansa a wurinta ba. Ban tabbata na zaɓi daidai ba, kuma ba zan ce na tabbata ba don labarin ya yi daɗi. Na dai san ba zan iya barin surori tara a haka ba.

Muka koma sura ta goma sha shida muka faro. Yanzu idan na karanta ba ya yarda da sau ɗaya, sai na bi kalmar baƙi bayan baƙi. Ranar da muka kai shafin addu'ar ya sa na kwatanta masa hannun da ya yi rubutu a gefe: ina ya fara, yaya launin tawadar, ko ya kankare wani abu na mai kwafin farko. Na ce bai kankare komai ba, ya dai sa wata 'yar alama a inda ayoyin za su shiga. Dokta ya gyaɗa kai, ya ce in rubuta haka daidai, kada in ƙara kada in rage.

Da muka gama, ya ce akwai shafi ɗaya da ya rage. Yana so a ƙarshen littafin a jera duk wuraren da ya kuskure a karon farko, a faɗi dalili, a sa sunansa a ƙasa.

Na ce, "Dokta, ai an gyara. Wa zai sani?"

"Akwai waɗanda na aika wa tsohon aikina na Luka tun shekarun baya, suna aiki da shi. Su fa?"

Na rubuta. Ya ci shafi huɗu, yana faɗa ina bugawa, muryarsa ba ta yi rawa ba ko sau ɗaya. Ni ce nake tsayawa ina share ido.

Saura mako ɗaya in tashi, na ce bari in bi Yohanna ɗina karo na ƙarshe, ni kaɗai, kafin in miƙa. A sura ta shida na tarar na tsallake layi guda cur, inda layi biyu suka ƙare da kalma ɗaya. A ta goma sha biyar kuma na karanta masa "ku" inda mutumin ya rubuta "mu". Na zauna ina kallon abin, kunya ta rufe ni.

Washegari na hau matakalar nan hawa huɗu na faɗa masa tun ban ajiye jaka ba.

"Nawa?" in ji shi.

"Biyu."

Ya kwashe da dariya har sai da Anti Meri ta fito ta bubbuga masa baya. Da ya sami numfashi ya ce, "Biyu da kika gani."

Ya sa na buɗe shafin ƙarshe. A ƙarƙashin jerin nasa na buga nawa guda biyu, na bar fili a ƙasansu, sannan na sa sunana.